Sikanin ya ga ƙulli a mamana, me ya sa sai an sa allura?

Tambaya: Likita, shekarata 38, 'ya'yana biyar, ina zaune a Kumo. Wata biyu da suka wuce ina wanka na ji wani ɗan ƙulli a mamana na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, kuma ba ya zafi. Na je an yi mini sikanin, a takardar aka rubuta BI-RADS 4, likita ya ce sai an sa allura an ɗebi nama a gwada. Gwaggona ta ce kada in kuskura, daji ba ya son ƙarfe. Shin sikanin ɗin bai isa ya nuna ko kansa ce ba? Ko in je wani wuri a sake mini? Sannan ina da ƙanne mata uku, su ma su riƙa yin sikanin duk shekara?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Tun kafin in shiga dogon bayani, ki je a yi allurar nan, kuma kada ki bari watan nan ya fita ba a yi ba. Sikanin ya gama nasa aikin. Ya ga ƙullin, ya auna shi, ya ce kamanninsa ba su kwanta masa ba. Iyakarsa ke nan. Ba a taɓa ƙera na'urar hoton da za ta rantse cewa wannan kansa ce ko ba ita ba ce, sai naman ya je ƙarƙashin madubin likita. Na shafe shekaru a ɗakin hoto a nan Gombe, kuma wannan tambayar taki kusan kullum sai na amsa ta, don haka bari in warware miki yadda abin yake.

Na'urar sikanin da sauti take aiki. Kin san idan mutum ya yi kira a bakin rijiya ko a gindin dutse muryarsa takan dawo masa, abin da muke ce wa amsa-kuwwa. To, abin nan da ake gogawa a jikinki sauti yake turawa cikin nama, ya saurari abin da ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar mama tana tura miliyan 7 zuwa 15, wasu ma fiye. Man nan mai sanyi da ake shafawa ba magani ba ne, iska yake korewa daga tsakanin na'urar da fata, domin sautin ba ya ratsa iska da kyau. Babu hasken eksire a ciki ko kaɗan, shi ya sa ake yi wa mai ciki da mai shayarwa ba tare da fargaba ba.

A allon, kitse yakan fito toka-toka, naman da ke yin nono ya fito fari-fari, ruwa kuma baƙi ƙirin. A nan ne sikanin ya fi kowace na'ura iyawa. Idan ƙullin jakar ruwa ce kawai, cikin minti ɗaya zan gani: baƙi wuluk, gefensa sumul kamar an zana da biro, bayansa da haske. Wannan sai in ce wa mace ta ɗaura zaninta ta tafi gida. Akwai kuma wani ƙulli na nama da 'yan mata da matan da ba su kai talatin ba suka fi yi, wanda idan ka taɓa shi sai ya zille maka ƙarƙashin yatsa. A hoto yakan kwanta kamar ƙwayar wake, faɗinsa ya fi tsayinsa, yana da iyaka a fili, ya ture naman da ke kusa da shi bai shige shi ba. Mafi yawan ƙullin da mata ke zuwa da shi irin waɗannan biyun ne, ba kansa ba.

Ita kansa halinta daban. Ba ta kwanciya, tsaye take yi, tsayinta ya fi faɗinta, domin tana keta shimfiɗun naman ne maimakon ta bi su. Gefenta ba ya da iyaka mai kyau, ƙayoyi ne ta ko'ina kamar ƙarangiya ta maƙale a zani. Sau da yawa tana shanye sautin, sai bayanta ya yi inuwa. Idan na ga haka nakan zarce da na'urar zuwa hammata in duba kaluluwa. Mai lafiya siffar ƙoda gare ta, tsakiyarta fari. Idan ta kumbura ta yi zagaye, farin ya ɓace, to ita ma sai an bincike ta.

Da a ce kowane ƙulli yana zama a gidansa, da aikinmu ya yi sauƙi. Matsalar ita ce akwai kansar da ke shigar burtu. Akwai wani nau'i mai saurin girma, wanda ba ya jin maganin sinadaran mace, kuma an fi samunsa a mata masu ƙananan shekaru da matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Saboda saurin girmansa ba ya tsayawa yin ƙayoyi, sai ya fito kusan zagaye, gefensa da ɗan kyau, wani lokaci har da haske a bayansa kamar jakar ruwa. Haka kuma akwai abubuwan da ba kansa ba amma sun yi mummunar fuska: tabon tsohon maruru, kitsen da ya mutu bayan buguwa, har tarin fuka yana kama mama, kuma a ƙasar nan muna ganinsa. Idona kaɗai ba zai raba waɗannan ba, ko da na yi shekara ɗari ina kallon allo.

Wannan ne ya sa aka yi lambobin da kika gani. BI-RADS tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar don likitan Gombe da na Legas da na Landan su yi magana da harshe ɗaya. Lamba 1 babu komai, 2 an ga abu amma tabbas ba kansa ba ne. Lamba 3 tana nufin yiwuwar kansa ba ta wuce 2 cikin 100 ba, a dawo bayan wata shida a sake aunawa. Lamba 5 kuwa 95 cikin 100 ko fiye, 6 an riga an tabbatar. Taki, wato 4, ita ce mai faɗin gona, ta ɗebo tun daga sama da 2 har zuwa ƙasa da 95. Shi ya sa ake raba ta uku. Ki sake duba takardarki ko akwai harafi a gaban lambar: 4A daga 2 zuwa 10 ne cikin 100, 4B daga 10 zuwa 50, 4C daga 50 zuwa 95. Ko wanne ne dai, hukuncinsu ɗaya, a ɗebi nama. Kuma ki sani mata da yawa da ake wa allura a wannan lamba sakamakonsu yana fitowa lafiya lau. Don haka ba a ce kina da kansa ba, an ce ba a yarda a sallame ki da zato ba.

Yanzu maganar Gwaggo. Ba zan ce ki raina ta ba, domin ba daga sama ta tsinci maganar ba, abin da idonta ya gani take faɗa. Ta ga mace an kai ta asibiti, an sa mata allura ko an yi aiki, wata uku ba ta cika ba aka yi jana'iza. Abin da Gwaggo ba ta gani ba shi ne shekara ɗaya ko biyu da matar ta yi tana ɓoye ƙullin a ƙarƙashin mayafi, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har mama ya fashe, ciwon ya riga ya isa huhu da ƙashi kafin a nemi mota. Allurar ta zo ne a ƙarshen labari, sai aka ɗora mata laifin. Akwai kuma ƙarfen da ni ma nake tsoro, wato sakiya da askar wanzami. Idan aka tsaga kansa da zaton maruru ne, gyambon ba ya warkewa, sai wari da zubar jini. Idan wannan ƙarfen Gwaggo take nufi, to bakinmu ɗaya da ita. Amma allurar asibiti an daɗe ana yi wa mata masu ɗimbin yawa a duniya, an bi diddiginsu, ba a ga tana yaɗa ciwon ko rage kwana ba.

Bari in faɗa miki yadda ake yi don tsoron ya ragu. Za ki kwanta rigingine, hannunki na hagu a saman kai. A goge wurin, a yi miki allurar kashe zafi, ita ce kaɗai za ki ji kamar cizon cinnaka. Sai a ɗan tsaga fata, tsagar ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ba ta buƙatar ɗinki. Hannuna ɗaya yana riƙe da na'urar sikanin, ɗayan da allurar, ina kallonta a allo kamar farin tsinke tana tafiya har ta tsaya a bakin ƙullin. Za ki ji wata ƙara ƙas! Nakan danna ta sau ɗaya a iska tukuna don mace ta ji ƙarar kada ta zabura. Kowace ƙara tana fito da ɗan nama siriri kamar guntun taliya, a ɗebi uku zuwa biyar, a zuba a kwalbar magani. A danne wurin na ɗan lokaci, a manna filasta. Duka-duka rabin awa, ki tashi ki hau mota da ƙafarki. Kin ga ke nan ko a allurar ma sikanin ne ɗan jagora, domin ƙulli kamar gyaɗa idan aka lalube shi da hannu kawai ana iya kuskure shi a ɗebo naman gefe.

Naman nan kuma ba eh ko a'a kaɗai yake faɗa ba. Idan kansa ce, daga shi ake gane ko tana cin abinci daga sinadaran mace, wanda idan haka ne ƙwayar Tamoxifen da ake sha kullum na shekara biyar ko fiye tana yi mata aiki sosai. Daga shi ake gane ko tana ɗauke da alamar da ake kira HER2, wadda take da nata maganin daban. Daga shi likitan tiyata zai san ko aiki za a fara ko ƙarin ruwan magani. Hoto ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kika ce ko ki sake sikanin a wani wuri. Ga inda nake da ƙorafi a kan yadda ake sikanin a garuruwanmu. Na'urar tana da kawuna daban-daban. Wanda ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, sautinsa miliyan 3 zuwa 5, yana nitso da nisa amma ba ya ganin ƙananan abubuwa da ke kusa da fata. Na mama miƙaƙƙe ne kamar bakin rula, ba ya nisa amma yana iya nuna abu mai milimita biyar. Wurare da yawa na duba ciki kaɗai suke da shi, kuma idan mace ta zo da ƙulli ba sa cewa ba su da kayan aiki, sai su goga mata shi a mama su rubuta babu komai. Sannan sikanin ba kamar eksire ba ne da za a ɗauka wani ya karanta daga baya. Inda hannun mai yi bai bi ba, babu shi a hoto. Idan an tsallake bayan kan nono ko gefen da ya nufi hammata, an tsallake ke nan.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita, mai shayarwa, ba ta fi talatin da 'yan kai ba. Ta buɗe jakarta ta zazzage mini takardun sikanin guda huɗu a kan tebur, na wurare daban-daban, cikin wata bakwai. Ta farko ta ce a ɗebi nama. Ba ta so jin haka ba, sai ta nemi wani wuri, aka ce daskararren nono ne. Wani ya ce maruru ne, ya haɗa ta da kafso. A takardar farko ƙullin santimita ɗaya da rabi ne. Ranar da ta zo gare ni ya haura biyar, fatar wurin ta yi ɗigo-ɗigo kamar ɓawon lemu, hammata cike da kaluluwa. Kuɗin da ta kashe a yawon sikanin da kyamis sun isa a yi allurar tun farko har a yi canji. Mai neman wanda zai ce masa lafiya lau ba ya rasawa, idan ya juri yawo.

Saboda haka sake sikanin yana da amfani ga macen da take jin ƙulli da hannunta amma takarda ta ce babu komai. Ita ce nake cewa kada ta yarda, ta je babban asibiti, domin ƙullin da hannu ya ji ba ya goguwa da takarda. Ke kuwa an riga an gani, an ba shi lamba. Wanda zai yi miki allurar dole ne ya sake duba maman da hammatar kafin ya fara, kin samu ra'ayi na biyu ke nan ba tare da ɓata mako ɗaya ba. Daga Kumo zuwa Gombe tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya yana da likitocin tiyata, da na hoto, da masu duba nama, duk a wuri ɗaya. Wadda ke ɓangaren Bauchi kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Mai yiwuwa a ce ki yi mamogiram ma, kada ki ce ai an yi sikanin. Mamogiram eksire ne na mama, ana matse shi tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙu. Yana ganin abin da sikanin ya fi kuskurewa, wasu ɗigo-ɗigon alli ƙanana kamar barbashin gishiri, waɗanda wani lokaci su ne alamar farko tun ciwon yana cikin bututun nono, bai ma zama ƙulli ba. Shi ma yana da nasa makantar. Maman mace mai ƙuruciya cike yake da nama, yana fitowa fari, kansa ma fara take fitowa, sai ya zama neman farin zare a cikin buhun auduga. A irin wannan maman sikanin ya fi gani. Shi ya sa wadda ba ta kai talatin ba da sikanin ake fara mata, wadda ta haura arba'in da mamogiram, ke da kike tsakani kuma da ƙulli mai lamba 4 akan haɗa miki biyun, a duba har ɗaya maman.

Game da ƙannenki, a bambance abu biyu: bincikar ƙullin da aka ji, da kuma duba macen da ba ta jin komai. A na farko sikanin gwani ne. A na biyu maganar ba ta kai haka ƙarfi ba. A Japan an yi wani babban bincike a kan mata kusan 73,000 masu shekara 40 zuwa 49, aka buga sakamakonsa a 2016. Waɗanda aka yi wa mamogiram kaɗai an kama kashi 77 cikin 100 na kansar da ke jikinsu, waɗanda aka ƙara wa sikanin aka kama kashi 91. Amma an ƙara tayar da hankalin mata da yawa da aka kira aka yi wa allura a kan abin da ba komai ba. Lura kuma, ƙari aka yi da sikanin a kan mamogiram, ba musanya ba. Mamogiram ne aka tabbatar yana rage mace-mace idan ana yi wa mata a kai a kai, kuma a Amurka tun 2024 shawarar kwamitinsu na rigakafi ita ce a fara daga shekara 40, duk bayan shekara biyu. Ni ba na tura 'yar shekara ashirin da biyar mai lafiya ta riƙa biyan kuɗin sikanin duk shekara. Abin da za ta samu shi ne ƙananan jakunkunan ruwa da rashin barci.

Abin da ya fi yi musu amfani shi ne kowacce ta san mamanta. Bayan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki, lokacin da mama ya saki, ta shafa da tafin yatsu da sabulu har zuwa hammata, ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannu. Ƙulli, ko kan nono da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini daga kan nono, ko fata da ta lotsa, ko ciwon nonon mai shayarwa da aka sha magani mako biyu bai sauka ba, duk ba a kwana da su. Rashin zafi kuma ba albishir ba ne, yawancin kansar mama a farkonta ba ta zafi, shi ne ma yake yaudarar mata. Idan sakamakonki ya fito kansa ce, Allah ya kiyaye, to lissafin ƙannenki ya canza, domin 'yar'uwa ta jini da ta kamu kafin arba'in tana ƙara musu haɗari, sai likita ya tsara musu fara dubawa da wuri.

Dalilin da nake matsa miki da gaggawa ga shi. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 suka kamu da kansar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar da gano ciwon, kuma babban abin da ya raba mu da su shi ne girman ƙullin a ranar da aka gano shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da za a kammala hoto da gwajin nama kada a wuce kwana 60. Ƙullin da bai wuce santimita biyu ba, kuma bai taɓa hammata ba, shi ne matakin farko. Naki kamar gyaɗa kika ce. A wannan girman, ko da kansa ce, sau da yawa ana iya cire ƙullin da ɗan naman gefensa a bar miki mamanki, a bi da gashin wurin da hasken na'ura. Ni a ɗakina ba kasafai nake ganin mai gyaɗa ba, masu lemu da mangwaro suka fi yawa.

Ki zaunar da maigida ki nuna masa takardar, in da hali ya rako ki, don ya ji daga bakin likita, shi ne zai tare miki surutun dangi. Gwaggo ma idan za ta zo, a zo da ita, na sha ganin tsohuwa ta shigo da faɗa ta fita tana sa albarka bayan ta ga girman filastar. Idan kunya ce, kina da damar neman mace ta duba ki, in babu kuma ki ce nas mace ta tsaya a ɗakin.

Ranar zuwa ki ci abincinki, ba a azumi don wannan. Ki taho da takardar sikanin da hotunan da aka manna mata. Idan kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko kina zaton kina da ciki, ki faɗa tun a bakin ƙofa. Ranar mamogiram kada ki shafa hoda, turaren hammata ko alimun, suna fitowa a hoto kamar ɗigon allin da ake nema. Bayan allura wurin zai ɗan yi tsami da taruwar jini na 'yan kwanaki, farasitamol ya isa, ki sa rigar mama mai ɗan kamu, ki bar daka da ɗaukar bokiti na kwana biyu. Kafin ki fita ki tambayi ranar da sakamako zai fito da ɗakin da za ki karɓa, ki rubuta. Ko ya fito cewa ba kansa ba ce, ki mayar da shi wurin likitan da ya yi allurar, domin sai ya gwada shi da abin da ya gani a allo. Idan sun yi daidai shi ke nan, idan hoton ya fi sakamakon muni akan sake ɗiba ko a cire ƙullin gaba ɗaya.